Hula Bakwai a Allon Mai Kifi

Shekara ashirin da tara Ustaz Midhat Shalabi ya yi yana koyar da Turanci a sakandaren maza ta unguwarmu a Bur Sa'id. In aka matse shekarun nan aka tace su, abin da zai rage a gindin kwano kalma ɗaya ce mai harafi uku, wato *the*. Ita ya yi ta yaƙa. Mu da harshenmu ya saba manna "al" a gaban kowane suna, daga rana har mutuwa har tumatir, in muka shiga Turanci sai mu ɗauki halinmu mu tafi da shi. Yaro zai rubuta *the life, the love, the Egypt*, yana ganin ya mutunta kalmomin. Ustaz Midhat kuwa sai ya zare jan bironsa daga aljihun gaba ya bi su yana yankawa ɗaya bayan ɗaya.

Bayaninsa guda ne, kuma duk wanda ya ratsa ajinsa ya haddace shi ko da bai haddace komai ba. *The* hula ce, in ji shi. Ba kowa ake sa wa ita ba, sai wanda aka riga aka sani, wanda in an ambace shi ni da kai mun san wa ake nufi. Amma rayuwa ɗungurungum, da ƙauna, da karin kumallo, da kifin da ke can cikin teku ba a kama shi ba tukuna, duk kai ba hula suke yawo a Turanci. Har direbobin tasi na garin nan akwai masu karanto maka wannan tiryan-tiryan, sannan su juya su ce wa baƙo *the welcome*. A bayan idonsa Abu Hula ake kiransa. Ya sani, kuma a ɓoye sunan yana masa daɗi, ko da yake shi da kansa ya fi kowa buƙatar hular, don gashinsa ya yi ƙaura tun yana ɗan arba'in. Ba shi da mota, gidan da yake ciki na haya ne a hawa na uku. Abin da ya tara a duniya shi ne a ce in takarda ta bi ta hannun Ustaz Midhat, to Turancinta ya tsaya da ƙafarsa.

'Yarsa ɗaya ce, Rihab, tana aiki a kantin magani. An yi mata baiko da Husam ɗan Rayyis Arabi. Ita ta zaɓo abinta, zaɓin kuma ya yi, yaro ne mai sanyin hali. Uban ne aiki. Rayyis Arabi ya shekara talatin a kwale-kwale yana bin manyan jiragen da ke jiran shiga mashigin ruwan Suwais, yana jefa musu igiya da kwando, yana sayar wa matuƙa raƙuman fata da farantan tagulla da agogon da ke aiki har jirgi ya wuce Suwais. Ya yi ciniki da Girkawa da Rashawa da 'yan Koriya da Turancin da ya tsinta a kan ruwa, kuma ya sakankance cewa Turancin makaranta na mutanen da ba su taɓa sayar da komai ba ne. Da gwiwoyinsa suka fara gardama, ya sayar da kwale-kwalen ya kama shago don buɗe gidan cin kifi. Cikin duk shagunan da Allah ya yi a Bur Sa'id, sai ya kama wanda ke kallon ƙofar makarantar.

Mako uku kafin buɗewa aka gayyaci Ustaz da iyalinsa cin abincin rana a gidan Rayyis. An gasa kifin buri cikin dusa, ga jatan lande, ga jar shinkafa mai albasa. Ana tsaka da ci, hannun Ustaz dumu-dumu da mai, tabaransa a aljihu, Rayyis ya zaro wata takarda ya ɗaga masa ita daga can ƙarshen tebur, ya ce ga abin da za a rubuta a allon shago, da kansa ya tsara. Ustaz ba abin da ya gani sai baƙi-baƙi kamar tururuwa. Ya buɗe baki zai ce bari ya wanke hannu ya duba, sai matarsa I'itimad ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Shekara ashirin da bakwai da aure, ya san harshen takun nan. In da yatsa ne, a yi a hankali ke nan. In da dunduniya ne, a rufe baki. Wannan da dunduniya ne. Ya haɗiye kifinsa ya ce Masha Allah, aka ƙara masa jatan lande, ya manta da zancen.

Ranar Alhamis ya daɗe a makaranta yana duba littattafai, har maigadi ya fara kaɗa makullai. Da ya fito, titi ba kowa, sai wani mutum a kan tsani a gaban sabon shagon yana gyara zaman wani allo shuɗi mai tsawon mutum biyu. Ustaz ya sa tabarau.

THE ARABI RESTAURANT
THE FISH IS THE LIFE
THE BREAKFAST AND THE LUNCH
THE WELCOME TO THE EVERYBODY

Ya ƙirga hulunan, ya sake ƙirgawa daga ƙasa, kamar za su ragu. Bakwai ne. Ta farko ce kaɗai ke da hurumin zama. An sa wa kifi hula, an sa wa rayuwa, an sa wa karin kumallo, har "kowa da kowa" an kama an ɗora masa. Wannan bai dame shi ba sosai, don garin cike yake da irinsa, ya koyi tafiya yana kallon takalmansa. Abin da ya dame shi shi ne wani ɗan layi da Larabci a kusurwar dama ta ƙasa, da ruwan zinariya: "An duba Turancin a hannun Ustaz Midhat Shalabi."

Manyan unguwa ba sa karanta allo, launinsa suke kallo. Amma ranar Lahadi da safe, farkon makon makaranta a nan, yara ɗari shida za su yi layi a ƙofar can, kuma ɗalibin da ba ya buɗe littafi ba abin da ke wuce masa a bango.

Mai fentin ya sauko, sai Ustaz ya gane shi. Sabri ne, wanda ya maimaita aji biyu a hannunsa shekaru ashirin da suka wuce, yanzu ya yi tumbi ya yi suna a rubutun allo. Ya sumbaci kafaɗar malaminsa ya tambayi lafiyar gida. Ustaz ya ja shi gefe ya roƙe shi, cikin murya irin ta mai neman aron kujera, ko zai ɗan shafa shuɗi a kan kusurwar nan, ai minti ɗaya ne.

Sabri ya ce ba zai iya ba. Rayyis da kansa ya tsaya a kansa ana rubuta layin, ya ce a yi shi da zinariya don girmama surukinsa, kuma kullum yakan zo sau biyu ya karanta shi da ƙarfi.

"To hulunan fa, ya Sabri? Ba ka gan su ba?"

"Na gan su, ya Ustaz. Ni da ka yi shekara biyar kana ƙwace mini su? Yau na sami inda zan ajiye su, kuma ba ni na rubuta ba, kwafa na yi." Ya ɗauko wani farin zane ya hau tsani ya lulluɓe allon. Ya ce gobe bayan la'asar za a yaye, kuma a kan ƙugiya biyu kawai ya rataye shi, sai fenti ya gama bushewa zai kafa ƙusoshi.

A gida I'itimad ta saurare shi tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba. Da ya gama, ta tuna masa abin da kowa ya sani: Rayyis Arabi ya yi shekara goma sha takwas ba ya magana da abokin kwale-kwalensa, wanda suka yi kifewa biyu tare a teku, saboda mutumin ya gyara masa kalma ɗaya a gaban wani kyaftin. Har jana'izarsa ya je, amma a sahun baya ya tsaya. Saura wata ɗaya a ɗaura auren Rihab.

"Sunana ne fa a jiki, ya I'itimad."

"Da zinariya. Ni shekara nawa ina jiran ka saya mini zinariya, ga shi an rubuta ka da ita kana kuka." Ta zubar da tsakuwa a faranti. "Ka je gobe, ka ci kifi, ka ce Masha Allah. Ai ka iya."

Ya yi tunanin ya kwanta ciwo, ya ga ciwo ba ya sauke allo. Ya yi tunanin ya nemi a mayar da shi wata makaranta, ya tuna takardar neman canjin da ya rubuta shekara shida da suka wuce har yau tana tafiya. Rihab ta kawo masa shayi ta ce ko ta yi wa Husam magana. Ya ce a'a, don ya san Husam, yaron da ko gishiri bai taɓa ce wa ubansa ya yi yawa ba. Da Juma'a ta yi ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya soke jan bironsa a aljihu don sabo, ya tafi ba tare da wata dabara ba.

An jera kujeru har tsakiyar titi. An kawo masu simsimiya, molon mutanen bakin teku, suna kaɗawa, tsofaffin 'yan kwale-kwale suna rawar jefa igiya da tumbinsu. Limamin unguwa ya zo, da mai gidan burodi, da wanzami, da duk wanda hancinsa ya jiyo gashi. Rayyis Arabi yana tsaye a ƙofa cikin farar jallabiya, gashin bakinsa ya sha mai, yana rungumar mutane kamar zai ɗaga su. Ya zaunar da Ustaz a kujerar gaba, kusa da liman. Aka yi addu'a, Sabri ya ja zane, aka yi tafi, mata suka yi guɗa daga tagogi. Sai Rayyis ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce a nan akwai mutumin da duk Turancin garin nan daga bakinsa ya fito, kuma surukinsa ne, sunansa ma ga shi can, sai ya tashi ya faɗa wa jama'a yadda ya ga allon.

Ustaz Midhat ya miƙe. Ƙarya a kan Turanci ba zai iya ba, ko da wuƙa a wuya. Gaskiya kuma ba hali, don daga inda yake yana hango dunduniyar I'itimad. Sai ya bi ta gefe. Ya yabi shuɗin, ya ce ko teku ba ta kai shi ba ranar da ta yi kwalliya. Ya yabi katakon. Ya yabi haruffan, yadda suka tsaya ƙyam kamar sojoji ranar fareti. Ya ga har yanzu ana kallonsa ana jira, sai ya ƙara. Ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin allon da ya hana shi barci ba sai wannan, kuma tun jiya ba abin da yake tunani sai shi. Ya ce da zai iya, da ba zai bar kowa ya kalle shi ba sai shi kaɗai. Duk wannan gaskiya ce tsagwaronta, shi ya sa ta ratsa jama'a, har idon wanzami ya kawo ruwa.

To mu a nan, in ka yabi abin mutum a gabansa, dole ya dafa ƙirji ya ce naka ne. Kai kuma dole ka ce ya fi kyau a hannun mai shi. Ya sake, ka sake, ya yi na uku, ka yi masa addu'a, kowa ya tafi da abinsa. Tayin 'yan kwale-kwale muke ce masa, don mutumin da ke can tsakiyar ruwa da kwanon abincinsa shi ya fi kowa ƙwala wa na bakin gaɓa bismillah. An yi mini tayin motoci da agoguna da gida guda mai hawa biyu, ga ni har yau a ƙafa.

Rayyis ya dafa ƙirji. "Naka ne, ya Ustaz. Ɗauki."

"Ya fi kyau a hannun mai shi, ya Abu Husam."

"Ba za a yi haka ba. Allon da shagon da mai shagon, duk naka ne."

"Allah ya bar maka abinka," in ji Ustaz, amma idonsa ya riga ya hau sama, ya sauka a kan ƙugiyoyin nan biyu.

Rayyis kuwa ya ji daɗin taro, ga liman, ga abokan teku, sai ya zarce inda ba a zarcewa. Ya ɗaga yatsa ya ce wallahi, wallahi, wallahi, allon nan ba zai kwana a bangonsa ba in dai Ustaz yana so.

Ustaz Midhat, wanda bai taɓa tsallaka titi ba sai ya duba sau biyu, ya ji bakinsa yana cewa, "To na karɓa. Allah ya saka da alheri."

Mai simsimiya ne ya fara tsayawa. Sai aka ji ƙarar kifi a kan wuta, ba a jin komai sai ita. Liman ya sunkuyar da kai yana duba carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Rayyis Arabi ya tsaya da yatsansa a sama, murmushin yana nan a fuskarsa amma ba kowa a bayansa. Ya yi rantsuwa uku a gaban liman da rabin unguwa, ba ta inda zai koma. Ya sauke yatsan a hankali, ya juya ya ce wa Sabri ya kawo tsani.

Aka sauke allon. Mai kankana ya ba da aron amalankensa da jakin da ke jansa, aka kwantar da shi, Ustaz ya nace a kife shi don kada fenti ya sha ƙura. Haka ya bi bayan jakin har gida cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, bai ci ko loma ɗaya ta kifin ba. Mutum huɗu suka hau da allon bene, ya goge bangon matakala a hawa na biyu, matar mai gidan ta leƙo ta ga abin da idonta. A falo ba bangon da ya ɗauke shi, sai aka jingina shi a karkace daga taga zuwa ƙofar kicin, mai shiga kicin sai ya sunkuya.

I'itimad ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta tsaya ta kalli allon, ta kalle shi, ta ce tun da aka haƙa mashigin nan ba a taɓa jin wanda ya karɓi tayin 'yan kwale-kwale ba, sai mijinta. Rihab ta shige ɗaki da wayarta ta rufe ƙofa. Ba a ji kuka ba, ba a kuma ji dariya ba, shi ma wannan bai kwantar masa da hankali ba.

Da safiyar Asabar ya sauka sayen burodi, ya tarar labari ya riga shi. Mai wake da ke bakin kwana, wanda shekara ashirin yana ce masa bismillah, ya gan shi ya ja kwanonsa jikinsa ya ce ina kwana kawai. Wanzami yana zaune a kan sabon babur ɗinsa, Ustaz ya ce Masha Allah, mutumin ya ce ai na ƙanensa ne, aro ya yi.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Rayyis Arabi ne, shi kaɗai, yana haki saboda matakala, da ƙunshin kifi a takarda. Ya miƙa wa I'itimad ya ce rabon Ustaz ne na jiya. Ya shiga falo ya zauna a kujerar da ke fuskantar allon, aka kawo gahawa, ya sha rabi yana ƙare wa rubutun kallo. Ustaz ya zauna a bakin kujerarsa kamar ɗalibin da aka kira ofis.

Can Rayyis ya ce shi fa ya yi ciniki da mutane iri-iri, kuma ya san mutum ba ya ɗaukar allon shago ya hau da shi hawa uku sai in ya haukace, ko kuwa allon ne ba shi da lafiya. Ya kwana yana auna Ustaz, ya ga bai kai ga hauka ba tukuna.

"Ina ciwon yake?"

Ustaz ya kalli ƙofar kicin. Dunduniyar tana can nesa, bayan allo. Ya ce, "Huluna ne, ya Abu Husam. Bakwai. Ɗaya ce ta halal."

"Ɗaya."

"Ta farko."

Rayyis ya shafa gashin bakinsa. Ya ce da waɗannan hulunan ya sayar wa wani kyaftin ɗan Norway raƙuman fata goma sha biyu cikin ruwan sama, kyaftin ɗin bai ce an yi kuskure ba. Ustaz ya ce ai shi ma kyaftin ɗin ba Turancin ubansa ba ne. Rayyis ya ga akwai magana a nan. Sannan ya tambaya me ya hana a faɗa masa tun ranar da ya nuna takarda. Ustaz ya ce bakinsa cike yake da kifin Rayyis, kuma kifi ne da ba a yi masa katsalandan. Wannan amsar ta shige shi, aka ga kafaɗunsa sun sauko.

Sai idonsa ya sauka a aljihun Ustaz. Ya ɗan karkata kai.

"Kai, wannan biro naka akwai kyau. Masha Allah. Ban taɓa ganin ja irinsa ba."

Ustaz Midhat ya gane. Bironsa ne na ƙarfe da ya saya da albashinsa na farko, shekara ashirin da tara yana canza masa ciki, har wurin da babban yatsa ke zama ya lotsa. Ya dafa ƙirji.

"Naka ne, ya Abu Husam."

"Na karɓa," in ji Rayyis, tun a tayin farko, ya miƙo hannu.

Ya jujjuya biron, ya gwada shi a bayan hannunsa. Sannan ya zaro takardar nan ta ranar cin abinci, har da tabon mai a gefenta, ya shimfiɗa a gwiwa. Ya ce ba a haifi wanda zai gyara wa Arabi rubutu ba, amma Arabi yana iya gyara wa kansa, tun da yanzu yana da abin gyara. Sai dai ba zai sauka daga bakwai zuwa ɗaya ba, don ko a kwale-kwale bai taɓa yin irin wannan ragin ba. Zai bar biyar.

Ustaz ya ce ɗaya. Rayyis ya ce huɗu, kuma don darajar Rihab. Ustaz ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Rayyis ya ce to wanda ya kafa ta ya zo ya ci kifi su yi magana. Ya yanke ta karin kumallo da ta abincin rana da kansa, yana cewa dama sun cika wuri. Ya yanke ta "kowa da kowa" bayan Ustaz ya tambaye shi ko ya san kowa da kowa. Ta maraba ta tafi da ƙyar. Ta rayuwa ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce rayuwar ma ba ta yi masa abin da zai sa mata hula ba, ya ja mata layi. Saura ta kifi. Nan ya ajiye biro.

"Wannan ba za ta fita ba. Husam ya ce mini kai kake cewa wanda aka sani ake sa wa hula. Akwai wanda bai san kifina ba a garin nan?"

Ustaz ya kalli biron da ke gaban Rayyis. Ya san ba haka zancen yake ba, amma ya san in ya fara bayani za su kai magariba, kuma biron ba a hannunsa yake ba. Ya ce to kifi ya riƙe hularsa, da sharaɗi ɗaya: a cire layin zinariya na kusurwa.

Rayyis ya ɓata rai, ya ce girmamawa ce. Ustaz ya ce ya sani, shi ya sa ya ɗauko girmamawar ya kawo ta gida, ga ta nan daga taga har kicin, ba ya so a raba masa ita da mutanen titi. Rayyis ya kalli allon, ya kalli surukinsa, sai dariya ta ƙwace masa, irin ta mutumin da aka yi wa wayo a ciniki kuma ya yaba. Ya ce kifi da hula, allo ba suna. Suka tafa. Ya soke jan biron a aljihun jallabiyarsa, ya leƙa ta ƙarƙashin allon ya ce wa I'itimad a gaya wa amarya ranar ɗaurin aure tana nan inda take. Daga ɗakin Rihab aka ji an buɗe ƙofa.

Ranar Lahadi yara ɗari shida suka yi layi a ƙofar makaranta suna kallon ƙugiya biyu a bango. Bayan kwana huɗu Sabri ya rataya sabon allo mai hula biyu, kusurwarsa shuɗiya fes. Wani ɗan aji uku ya ɗaga hannu ya tambayi Ustaz ko ta kifin can daidai ce. Ustaz ya ce ya je ya tambayi mai shagon, shi ke da jan biro yanzu.

Tsohon allon kuwa bai bar falon ba. I'itimad ta ce kyautar suruki ba a kai ta saman rufi, dole in sun zo su gan ta. Aka kira kafinta ya matsar da kabad, aka kafe shi a bangon da ke bayan kujerar Ustaz da ƙusa takwas, hulunansa bakwai cif, sunansa yana ƙyalli a kusurwa. A ƙarƙashinsa aka ɗaura auren Rihab, kuma yana cikin kowane hoto. Ustaz ya sayi sabon jan biro na roba wanda ba ya zama a yatsa, yana duba littattafansa da bayansa a juye.

Kullum in ya fito daga makaranta da rana yakan tarar da Rayyis Arabi a ƙofar shago da farantinsa, yana ƙwala wa duk mai wucewa bismillah, har masu mota. In ya hango Ustaz sai ya yi shiru, ya sa a kawo kujera da faranti na biyu, ya ce da wannan mutumin ba a tayi, zuba masa kawai ake yi.